Gidan Iyali a Kan Filin Hukuma: Wa Ke da Gaskiya?

A biranen ƙasar nan, daga Legas zuwa Ibadan, daga Fatakwal zuwa Abuja, akwai wata alama wadda ke hana iyalai barci fiye da sammacin kotu. Ita ce alamar jan fenti da ma'aikatan hukuma kan shafa a bangon gida, wani lokaci har da 'yar takarda mai ba da wa'adin kwana bakwai ko goma sha huɗu. Ma'anarta a fili take: hukuma ta ce ginin yana kan filinta, katafila kuwa tana nan tafe. Maigida zai fito da rasidin sayen fili, da takardar mai unguwa, da rasidan harajin da ya yi shekaru yana biya. Jami'in hukuma shi ma zai buɗe taswira wadda ta nuna cewa tun kafin a haifi 'ya'yan gidan an keɓe wurin domin hanya, ko makaranta, ko kasuwa, ko magudanar ruwa. Kowannensu yana riƙe da takarda, kowannensu kuma yana ganin shi aka zalunta.

Wannan rikici ya shafi masu bi ƙwarai da gaske. Cikin waɗanda ake shafa wa jan fenti akwai tsohon soja wanda ya zuba kuɗin sallamarsa duka a ɗakuna huɗu, akwai malamar makaranta wadda ta yi shekara goma tana adashi kafin ta rufa kwano, akwai gwauruwa wadda hayar ɗakuna biyu ce ke biyan kuɗin makarantar marayunta. Haka kuma, cikin masu riƙe da gwangwanin fentin akwai waɗanda ran Lahadi suke zama a benci ɗaya da masu gidajen, suna cin Jibin Ubangiji tare. Saboda haka bai kamata a bar maganar a hannun lauyoyi kaɗai ba. Kotu takan faɗi wanda takardarsa ta fi ƙarfi. Lamiri kuwa yana tambaya abin da ya wajaba a kan hukuma game da iyalin da za ta raba da muhallinsu, da kuma abin da ya wajaba a kan maigida game da jama'ar da aka keɓe wa filin.

ABIN DA DOKAR ƘASA TA TANADA

Tun ranar 29 ga Maris, 1978, a zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe su amana domin amfanin dukan 'yan Nijeriya. Tsarin Mulki na 1979 ya rungumi wannan doka, na 1999 ma haka, don haka ba a iya gyara ta sai an bi doguwar hanya irin ta gyaran tsarin mulki. A Arewa tsarin bai zama baƙo ba, gama dokar filaye ta 1962 ta riga ta sa ƙasa a hannun hukuma. A Kudu kuwa, inda dangi da gidajen sarauta suka saba sayar da filayensu da kansu, sauyi ne babba.

Dokar ta raba aikin gida biyu. Filayen da gwamna ya ayyana a matsayin birni suna ƙarƙashinsa, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda galibi wa'adinta shekara 99 ne. Sauran filaye suna ƙarƙashin ƙaramar hukuma, wadda ke da ikon ba da izinin zama irin na gargajiya domin gida ko noma ko kiwo, amma ba za ta ba mutum fiye da hekta 500 na noma ko hekta 5,000 na kiwo ba sai da yardar gwamna. A nan ne iyalai da yawa suke faɗawa rami ba da saninsu ba. Gari yakan girma ya haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi, gwamna ya ayyana wurin birni, amma wani jami'in ƙaramar hukuma ya ci gaba da buga hatimi a takardun fuloti waɗanda ba shi da ikon bayarwa. Mai saye ya koma gida da murna, bai san abin da ya riƙe ba zai tsaya a gaban alƙali ba.

Dokar ta kuma ba hukuma ikon soke haƙƙin mutum a kan fili idan buƙatar jama'a ta rinjaya, sai dai ta ɗaure wannan iko da sharuɗɗa. Dole a ba mai filin sanarwa, a biya shi diyyar abin da ya gina ko ya shuka, ko a ba shi wani wurin zama a madadin kuɗi. Sashi na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya ƙara da cewa a biya diyya ba da jinkiri ba, mai filin kuma yana da damar zuwa kotu. Abin lura shi ne, diyyar ta gini ce da amfanin gona, ba ta kai darajar ƙasar kanta a kasuwa ba. Wanda kuwa ya yi gini ba tare da haƙƙi a kan filin ba, doka ba ta yi masa alkawarin ko kwabo ba.

NABOT DA ARAUNA

Maganar amana ba baƙuwa ba ce ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. Sura ta 25 ta Littafin Firistoci ta koyar da cewa ƙasa ta Ubangiji ce, mutane kuwa baƙi ne da ya zaunar a cikinta, shi ya sa a shekara ta 50 gonakin da aka sayar sukan koma ga dangin da suka gāda. Wannan sura ɗaya ta kuma hana a sayar da makiyayar da ke kewaye da biranen Lawiyawa, domin ta zuriya duka ce. Ashe Nassi ya san abu biyu, gādon iyali da filin jama'a, ya kuma sa wa kowannensu shinge. Dokar da ta la'anci mai kawar da dutsen iyaka tana hana hukuma cin iyakar talaka, tana kuma hana talaka cin iyakar gari.

Labarin gonar inabin Nabot a 1 Sarakuna 21 yana da wani ɓangare da ba a cika lura da shi ba. Sarki Ahab ya yi tayin diyya tun da fari: gona wadda ta fi kyau, ko kuɗi. Abin da ya ɓata al'amarin shi ne dalilinsa, gama yana son wurin ne domin lambun ganyayensa, saboda yana kusa da fāda. Da Nabot ya ƙi, Yezebel ba ta aika da 'yan fashi ba. Wasiƙu ta rubuta da sunan sarki, ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawa da manyan garin Nabot. Su ne suka kira taro, suka zaunar da shaidu biyu, suka yanke hukunci, aka jajjefe shi. An cika kowace siffa ta shari'a, da hatimi da shaidu da zama a bainar jama'a, duk da haka Ubangiji ya aiki Iliya ya kira abin da sunansa, wato kisankai da ƙwace. Hannun da ya aikata kuwa na hukumar garin ne, mutanen da suka san Nabot, suka san gonar tasa ce.

Labarin Dawuda da Arauna a 2 Sama'ila 24 ya nuna ɗaya gefen. A can dalilin na jama'a ne zalla, gama annoba tana cin mutane, ana bukatar masussukar Arauna domin a gina bagade. Mai wurin ma ya ce a ɗauka kyauta. Dawuda ya ƙi, ya biya shekel 50 na azurfa domin masussukar da shanun. Sarki bai yarda kyawun manufa ya zama dalilin da mutum ɗaya zai ɗauki nauyin al'umma duka ba.

Daga waɗannan labarai biyu za a iya auna kowace hukuma da ta zo karɓar fili. A dubi dalilinta, ko na jama'a ne da gaske. A dubi hanyarta, ko an saurari mai filin an ba shi lokaci. A dubi diyya, ko an raba asarar ga jama'ar da za ta amfana. Ahab ya yi tayin diyya amma dalilinsa ruɓaɓɓe ne. Hukumomi da yawa na zamanin nan suna da dalili mai kyau amma suna gudun biya. Duka biyun sun ci amana.

MAROKO

A watan Yuli na 1990, gwamnatin soja ta Jihar Legas a ƙarƙashin Kanar Raji Rasaki ta ba mazauna Maroko wa'adin kwana bakwai su tashi. Ranar 14 ga watan katafiloli suka shiga, a tsakiyar damina, mutane kimanin 300,000 suka rasa matsuguni. Dalilin da aka bayar yana da ƙamshin gaskiya: wurin kwari ne, ruwa yana cinye shi, ƙazanta ta yi yawa, gine-gine da dama kuma ba su da izini. Amma kaɗan ne cikin masu gidaje aka ba ɗakuna a rukunin gidajen Ilasan da Ikota, da yawa daga cikin ɗakunan ma ba a gama gina su ba. 'Yan haya kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, suka watse cikin ruwan sama da tabarminsu a ka. Bayan an cike wurin da yashi, ya zama ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi tsada a Nijeriya.

Abin da ya tsiro a kan fili bayan rusau shi ne shaidar dalilin rusau ɗin. Idan an tashi talakawa aka gina asibiti ko hanya ko magudana, mutum zai iya cewa an yi tsanani amma jama'a ta amfana. Idan kuwa an tashe su da sunan lafiyarsu, sa'an nan aka yanka wurin fuloti fuloti ga masu hali, to yashin da ya gyara wurin domin attajiri zai iya gyara shi domin masunci. Irin wannan ya sāke faruwa a Otodo Gbame, ƙauyen masunta da ke bakin tafkin Legas kusa da Lekki, inda aka kori mutane kimanin 30,000 tsakanin Nuwamba 2016 da Afrilu 2017. A watan Yuni na 2017 Babbar Kotun Legas ta ce korar mutane haka, ba isasshiyar sanarwa ba wurin da za su koma, ta saɓa wa tsarin mulki. Hukuncin ya yi daidai, sai dai ya tarar da gidajen sun riga sun zama toka.

LAIFIN MAIGIDA

Duk da haka, wanda ya ce kowane rusau zalunci ne bai faɗi gaskiya ba. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ranar 31 ga Agusta, 1980, kogin Ogunpa ya yi ambaliya a Ibadan, mutane fiye da 200 suka mutu. Ranar 26 ga Agusta, 2011, ruwa ya sāke cin garin, ya tafi da rayuka fiye da 100. Cikin dalilan da aka yi ta ambata a lokutan biyu akwai gine-ginen da aka yi a bakin rafi da sharar da ta toshe hanyar ruwa. Mutumin da ya kafa harsashi a kan magudana yakan ce filinsa ne, da guminsa ya saya. Amma ruwan da ya tare ba zai ɓace ba, ɗakin maƙwabci na ƙasa zai shiga, da dare, yara suna barci.

Haka yake ga wanda ya matsar da katangarsa taku uku cikin titi, har motar kashe gobara ta kasa shiga unguwa. Haka yake ga wanda ya yanki kusurwar filin makarantar firamare, ko gefen maƙabarta, ko ya yi shago a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Filin hukuma yana da sauƙin ci domin ba shi da fuska. Ba a ganin hawayen kowa sa'ad da aka sa fegi. Amma yana da masu shi: yaran da za su rasa wurin wasa, majiyyacin da motar asibiti ba za ta kai ƙofarsa ba, da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Doka ta takwas ba ta keɓe dukiyar jama'a ba. Mai bi wanda ba zai taɓa akuyar maƙwabcinsa ba, amma yana ganin dabara ce ya cinye hanyar unguwa, yana bukatar ya sāke bincika lamirinsa.

WA ZAI ƊAUKI ASARA?

Matsalar da ta fi wuya ita ce ta mutumin da bai yi niyyar cuta ba. A ɗauka wani ya sayi fuloti daga hannun dangin da aka san su da ƙasar tun kakanni, a gaban shaidu. Ya yi gini da rana tsaka. Ƙaramar hukuma ta ba gidan lamba, ta raɗa wa titin suna, ta yi shekara ashirin tana karɓar haraji. Sai ga shi an gano cewa tun da daɗewa jiha ta karɓi wurin domin makarantar sakandare, an buga a jaridar gwamnati wadda ba wanda ya taɓa gani a unguwar. Idan aka bar gidan, yaran unguwa sun rasa makaranta. Idan aka rushe shi, iyali sun rasa aikin rayuwarsu duka.

A gaban doka, rasidin haraji ba takardar mallaka ba ce, shirun hukuma kuma bai mai da filin na maigida ba. A gaban lamiri kuwa, asara tana bin sani da iko. Hukuma ce ke da taswira. Ita ce ta ga gini tun daga harsashi har rufi ba ta ce uffan ba. Ita ce ta ci harajin gidan da take cewa bai kamata ya kasance ba. Wanda ya yi barci shekara ashirin a kan amanar da aka ba shi ba zai farka ya ɗora wa mafi rauni kuɗin barcinsa duka ba. Dangin da suka sayar da abin da suka san an karɓa, da jami'in da ya karɓi na goro ya rufe ido, su ne ya kamata a fara nema, kuma Jihar Legas tana da doka tun 2016 wadda ta tanadi hukunci ga masu cin filaye da masu sayar da abin da ba nasu ba. Mai saye wanda bai yi bincike ba yana da nasa kaso na laifi. 'Yan haya da yara ba su da laifi ko kaɗan, amma su ne sukan fi shan wahala, saboda haka rusau da dare, ko a tsakiyar damina, ko lokacin jarrabawa, mugunta ce ko da takardar hukuma ta cika.

Ya kamata kuma a bambanta fili da fili. Akwai wanda hukuma ta karɓa amma ba ta da wani aiki tsayayye a kansa, zaman mutane a wurin kuma ba ya cutar da kowa. A irin wannan, hanyar adalci ita ce a daidaita takardun mazauna su biya abin da ya dace, kamar yadda Jihar Legas take yi a wasu wurare. Akwai kuma wanda yake kan hanyar ruwa, ko kan bututun mai, ko wanda aikin jama'a na gaske yake jira. A nan dole a tashi, amma da isasshen lokaci da wurin komawa.

Wani zai ce idan aka tausaya wa masu gini ba izini, gobe wasu dubu za su kafa nasu, suna jiran a biya su. Wannan tsoro yana da tushe, bai kamata a yi watsi da shi ba. Maganinsa shi ne hukuma ta yi tsaron filinta da wuri: ta kewaye shi, ta kafa allo, ta manna taswira a sakatariya inda kowa zai gani, ta tsayar da gini tun yana harsashi. Rushe harsashi asarar buhunan siminti kaɗan ce. Inda kuwa unguwa ta riga ta kafu, sai a ƙirga mazauna a rana sananniya, a sanar cewa wanda ya zo bayan wannan rana ba shi da rabo. Ta haka jinƙai ba zai zama ƙofar zamba ba.

BIYAYYA DA NEMAN HAƘƘI

Wasu masu bi sukan ɗauka cewa tun da Romawa 13 ta umarci biyayya ga masu mulki, kai hukuma ƙara tawaye ne. Manzo Bulus wanda ya rubuta wannan sura shi ne a Filibi ya ƙi fita kurkuku a ɓoye sai mahukuntan da suka sa aka yi masa dūka ba shari'a sun zo da kansu. Shi ne kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Mai kai ƙara kotu yana girmama doka ne, yana roƙon hukuma ta bi abin da ita kanta ta rubuta. Tarihin ƙasar nan ma ya nuna haƙuri a wannan hanya yakan yi amfani. A 1921 Cif Amodu Tijani, Oluwa na Legas, tare da taimakon Herbert Macaulay, ya kai ƙarar gwamnatin mulkin mallaka har Landan a kan filin Apapa, aka yanke cewa a biya cikakkiyar diyya domin jama'arsa.

Abin da bai halatta ga mai bi ba sananne ne: ba mai fenti cin hanci ya tsallake gidansa ya shafa wa na maƙwabci, ƙirƙiro takarda ko mai da kwanan wata baya, ɗauko 'yan daba su fasa kan ma'aikaci, ko juya rikicin fili ya zama na addini ko na kabila domin a sami magoya baya. Wutar da aka kunna ta wannan hanya ba ta tsayawa a kan fuloti ɗaya.

Ma'aikaci mai bi shi ma yana da nasa kira. Yohanna Mai Baftisma bai ce wa masu karɓar haraji da sojoji su bar aikinsu ba, ya gargaɗe su ne kada su karɓi fiye da ƙa'ida, kada kuma su yi ƙwace ko ƙage. Safiyo ko jami'in tsara gari wanda ya ƙi sa hannu a takardar ƙarya, ya faɗa wa mai saye gaskiya tun kafin ya biya, ya kuma tabbata sanarwa ta kai hannun mai gida, yana yi wa Allah hidima a teburinsa. Dattawan garin Nabot suna da damar su mayar da wasiƙar Yezebel, ba ko ɗaya da ya yi.

IKKILISIYA TA FARA DA KANTA

Ikkilisiya ba za ta iya tsawata wa hukuma ba idan katangarta tana kan hanyar jama'a. A 1973 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta soke karɓar wani fili da hukumar raya birnin Legas ta yi domin faɗaɗa harabar wata majami'a, ta ce wannan ba buƙatar jama'a ba ce a idon doka. Hukunci ne mai kyau, ya kamata masu bi su karɓe shi da hannu biyu. Fili da aka ƙwace ba ya tsarkaka domin an gina bagade a kansa, Dawuda ma ya san haka.

Gaskiya ne akwai wurare a ƙasar nan inda ake hana ikkilisiyoyi takardar fili ko izinin gini saboda bangaskiyarsu kawai. Wannan zalunci ne, ya kamata a faɗe shi a fili, a bi shi ta hanyar doka. Amma majami'ar da aka gina a kan magudana ko a filin makarantar gwamnati ba ta da ikon kiran jan fenti tsanani. Yin haka yana rage nauyin kukan waɗanda ake tsananta musu da gaske. Ya dace kowace majalisar dattawa ta fito da takardun filin ikkilisiya ta duba su tun ba a zo tambaya ba.

Akwai kuma aikin jinƙai. Ikkilisiyoyi da yawa a birane suna da lauyoyi da safiyoyi da magina a cikin membobinsu. Ƙaramin kwamiti na irin waɗannan mutane zai iya duba takardun gwauraye da tsofaffi kyauta, ya raka su ofis, ya rubuta musu koke. Ranar da katafila ta shiga unguwa kuwa, ƙofar majami'a ta buɗe ga duk wanda ya rasa wurin kwana, Kirista ne ko Musulmi, mai takarda ne ko marar takarda. Yaron da ruwa ke dūka ba a tambayarsa lambar fuloti.

GA IYALIN DA KE SHIRIN SAYEN FILI

Annabi Irmiya ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa lokacin da sojojin Babila suka kewaye Urushalima. Ko a cikin wannan hali ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya auna kuɗin a ma'auni, ya ba Baruk kofi biyu, ɗaya a like ɗaya a buɗe, ya sa a adana su cikin tulun yumɓu domin su daɗe. Bangaskiyarsa ga alkawarin Allah ba ta sa ya yi sakaci da takarda ba.

Iyalin da ke shirin saye su bi wannan gurbi. Kafin a biya ko naira ɗaya, a ɗauki safiyo mai rajista ya auna wurin, a kai awon ofishin babban safiyo na jiha a ga ko filin yana cikin abin da gwamnati ta karɓa. A bincika a ofishin rajistar filaye ko wani ya riga ya mallake shi. Idan mai sayarwa yana da takardar shaidar mallaka, a nemi yardar gwamna a kan cinikin, gama doka ta bukaci haka. A sami izinin gini kafin a haƙa harsashi, a bar wa hanya da magudana rabonsu. Fuloti mai araha fiye da kima, wanda dillali ke cewa a biya yau kada wani ya riga, abin gudu ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maigida kuma ya nuna wa matarsa da manyan 'ya'yansa inda takardu suke, domin gwauraye da yawa sun rasa gida saboda ba su san abin da ke cikin akwati ba.

Iyalin da suka bincika suka tarar gidansu yana kan filin hukuma, kada su jira jan fenti. Su haɗa kai da maƙwabta, su nemi lauya mai gaskiya, su je hukuma da kansu su nemi a daidaita. Wanda ya san katangarsa ta ci hanya ya janye ta da hannunsa, kamar yadda Zakka ya mayar da abin da ya ƙwata ba tare da an kai shi kotu ba. Masu mulki kuwa, daga kansila har gwamna, su tuna cewa riƙo aka ba su, Mai ƙasar kuma zai tambaye su lissafi. Allah ya ba shugabanni tsoronsa, ya ba iyalai hikima da gaskiya, ya kuma tanada wa waɗanda suka rasa matsuguni wurin sa kai. Amin.